Gero Ya Yi Kai Waƙar Baba Arzika Ce

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Dogon Dutsi. Na buɗe rumfata da ke bakin tasha, ina jera wayoyin da aka bar mini caji, sai motar Sukukutane ta tsaya. Cikin waɗanda suka sauko akwai Ɗanjimma, babban ɗan amshin Baba Arzika. Shekara shida ina kallon saukowarsa daga motar nan, kuma kafin ciwo ya kwantar da Baba kullum sai ya juya ya karɓi ganga, sannan ya miƙa wa tsoho hannu. Ran nan bai juya ba. Ya taho wurina kai tsaye, ya ajiye ƙaramar wayar Baba a kan teburina, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya ce mini Baba ya riga mu gidan gaskiya jiya bayan la'asar, an kai shi kafin magariba, sun yi ta nemana a waya babu rezo, layi ba ya shiga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna nan tsaye, rediyon mai shayi ya sako Gero Ya Yi Kai, wadda aka ɗora wa fiyano. Ɗanjimma ya saurari muryarsa tana amshi a ƙarƙashin muryar wani yaro da bai taɓa gani ba. Ya saurara har ta ƙare, ya nemi ruwa ya sha.

Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal ba, wato makarantar boko, don haka duk wanda ya ga tuntuɓe a rubutun nan ya yi mini uzuri. Na ɗauki alƙalami ne saboda tun kafin a yi sadakar uku magana ta fara yawo cewa waƙoƙin marigayi ba su da mai su, na gargajiya ne, kowa ya tsinta nasa ne. Ni na san ba haka ba ne, kuma shiru a irin wannan wuri cin amana ne.

Zan fara da laifina. Sana'ata tura waƙa ce. Mutum ya kawo wayarsa ko memwar ɗinsa, in cika masa da abin da yake so, ya biya ni. Na yi shekaru ina tura kiɗan noman Baba Arzika ga 'yan ƙauye ban san fuskarsa ba, ban kuma taɓa tambayar kaina ko yana raye ba. Wata Juma'a wani dogon tsoho mai shuɗiyar riga ya zauna a bencina ya ce in sa masa gangar noma ta Sukukutane. Na sa. Ya biya. Ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a kan waƙar, na karanta: gargajiya, lamba bakwai. Ya tambaye ni ko Lamba Bakwai ɗin nan ɗan wane gari ne, yana da mata, yana cin tuwo? Mutanen benci suka fashe da dariya, domin su sun gane shi. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai yi faɗa ba, bai kuma nemi in mayar masa da kuɗinsa ba. Cewa ya yi: "Ɗana, ni bakina ba ya faɗin sunana cikin waƙa. Amma kai wagga kunya ba taka ba ce. Rubuta." A ranar na zauna na sake wa waƙoƙinsa suna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini wadda aka yi wa wane, a gonar wane. Daga nan bencina ya zama masaukinsa duk ranar kasuwa.

A nan na san halinsa. In ya dawo daga gayya da kyauta, sai 'yan amshi sun ɗauki nasu kafin ya duba abin da ya rage. Ba ya yi wa manomi kirari da damin da bai gani da idonsa ba, ko da an yi masa alkawarin rago. In aka kira salla, gangar tana yin shiru ko da a tsakiyar baiti ne. Maƙwabcin rumfata, Malam Yahuza mai sayar da kayan waya, yana cikin samarin da ba su sauraron kiɗa, kuma bai taɓa fasa yi masa nasiha ya ajiye ganga ba. Baba kan ce masa tuwon da ya ci jiya ganga ce ta nome geronsa. Malam Yahuza kan amsa cewa Allah ne ya ba da geron, ganga hayaniya kawai ta yi. Sai su yi dariya, su raba goro ɗaya. Shekara shida ba wanda ya ja wani, ba kuma wanda ya fasa gaida wani.

Wanda ya fara buɗe mana ido shi ne Mushe Daniyel, wato Malam Daniyel a bakin masu Faransanci, tsohon malamin lakwal da ke zaune bayan coci, wanda yake karanta wa mutane takardun Faransanci. Shi ya bayyana mana cewa waƙar da aka yi wa rajista da sunan mai ita tana da hanyoyin da take kawo masa abinci yana zaune a gida. Gidan rediyo yana zuba wani abu a ofishin haƙƙin mawaƙa, a raba wa waɗanda aka sa waƙoƙinsu. Kamfanin waya, in ya mai da waƙa abin da mai kira yake ji kafin a ɗauka, yana cirar kuɗi a wurin mai waya, ya ɗauki kashinsa, wanda ya kai masa waƙar ya ɗauki nasa, sauran na wanda ya ƙirƙira ta ne. A intanet kuma kowane sauraro ɗigo ne, amma ɗigo yana cika tulu. Ya ƙara da cewa ba wa mutum izinin amfani da waƙa na wani lokaci daban ne da sayar masa da ita.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ashe Nasara bai zo da sabon abu ba, aron gona ne. A Arewa in ka ara wa mutum gona, da kaka zai kawo maka dami ɗaya ko biyu, ko da rumbunka a cike yake. Ya faɗi maganar da na fi riƙewa a cikin maganganunsa: "Damin aro ba don ciki ake karɓarsa ba. Don kar jikan mai aro ya tashi ya ce gonar kakansa ce." Tun daga ranar na riƙa ware masa wani abu a kan kowace waƙarsa da na tura. Ba shi da yawa, wani lokaci goro ma ba zai saya ba, amma bai taɓa cewa in bar shi ba. Yana karɓa da hannu biyu, ya raba da Ɗanjimma a gabana.

Gero Ya Yi Kai ya yi ta ne ga Sarkin Noma Maizama na Dumega. A wata gayya ta Sarkin Noman ne wani mai sitidiyo daga Yamai ya zo da na'urarsa, ya durƙusa har ƙasa, ya roƙi a bar shi ya ɗauka, wai don a ji a rediyo. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Baba ya yarda, aka ba shi riga. Bayan shekara guda waƙar ta dawo mana da fiyano da muryar wani yaro, an cire sunan Sarkin Noma, an bar amshin. Ta shiga rediyo, ta shiga gidajen biki, kowa ka kira a waya ita za ka ji. Ni kuma a lokacin na ɗora ta asalin a intanet da sunan Baba. Ba a yi wata biyu ba saƙo ya zo, Mushe Daniyel ya karanta mana: an sauke ta, domin waƙar mallakar wani ce, mu ne muka ɗauka ba izini. Baba ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya ce shekara sittin yana duniya, yau ne aka fara kiransa ɓarawo, kuma a kan abin da ya fito daga maƙogwaronsa.

Muka tafi Yamai mu uku, ni da shi da Mushe. A ofishin haƙƙin mawaƙa wata Madam ta karɓe mu da mutunci, ta ba tsoho kujera, ta nemo takardar. An rubuta: waƙar gargajiya, ba a san mai ita ba, gyara da tsari na mai sitidiyo. Baba ya ce ƙarya ne. Madam ba ta yi gardama ba, sai ta kunna abin da aka ɗauka a gayyar Dumega, wanda mai sitidiyon ya haɗa da takardarsa a matsayin hujja. Muka ji ganga ta tashi, muka ji muryar Baba tana buɗe waƙa yadda take buɗe kowace waƙa: waƙa ba tawa ba ce, ta Tankari ce, ni ɗauko ta na yi.

Ya kamata in yi bayani ga wanda ba ɗan ƙasar nan ba. Tankari shi ne maigidan Baba, wanda ya fara sa masa gula a hannu, makaɗin ganga ke nan. A gidan masu gangar noma na yankinmu, duk waƙar da ka yi, ko jiya ka yi ta, da sunan maigidanka za ka buɗe ta. Mutum ya ce tawa ce, daidai yake da ɗa ya zauna a tabarmar ubansa. Kowane yaro a Sukukutane ya san ma'anar wannan buɗi. Takarda ce ba ta sani ba, mai sitidiyon kuwa ya sani sarai, shi ya sa ya ajiye wurin bai yanke ba.

Madam ta ce gyaran mai sauƙi ne. Tsoho ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa shi ya ƙirƙiri waƙar, a buɗe bincike. Baba ya dube ta ya ce: "In ce tawa ce, Tankari yana kwance ba ya iya ba da amsa? Ɗiyata, ki ba ni wata hanya." Ta ce babu wanda zai iya cewa tasa ce in shi bai ce ba. Ya yi mata godiya, ya ɗauki sandarsa. A mota har Doso raina a ɓace yake, da shi ma ba da mai sitidiyon kaɗai ba.

Na nemi wata hanyar da kaina. Na zauna na saurari waƙar baiti baiti, sai na lura tana ambaton ɗan kabu-kabu da ya kai wa 'yan gayya fura a kan babur. Tankari kuwa ya rasu tun ba a san babur na haya ba a ƙasar nan, lokacin Sarkin Noma Maizama yana yaro mai kiwon awaki. Na bi ƙauyuka daga Kiyeshe har Dumega ina roƙon tsofaffin kaset, na samu guda huɗu na Tankari, babu wannan waƙa a ciki ko mai kama da ita. Na aika wa Madam. Ta amsa cewa duk wannan zai taimaka ranar da aka buɗe bincike, amma mabuɗin yana bakin tsoho. Sai na koma roƙo. Duk Juma'a in ya gama shan furarsa sai in ce, Baba, maganar nan fa. Shi kuma ya ce, ɗana, tura wa mutane waƙarsu. Haka muka yi kusan shekara biyu. Ban gaji ba, shi ma bai gaji ba.

Bara da kaka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya daina zuwa kasuwa, ni na koma zuwa Sukukutane. Ina can wata rana da hantsi mai sitidiyon ya iso da mota, ya ji labarin rashin lafiya. Ya zo da kwantara, takardar da za a dangwala mata yatsa a ba shi dukan waƙoƙin Baba har abada, shi kuma ya biya asibitin Yamai. A lokacin gidan yana bukatar wannan taimako, ba zan ɓoye ba. Inna Haɓsu, matar Baba, tana bakin ƙofa tana ji. Baba ya ce aro zai iya bayarwa, shekara biyu, da sunansa da na 'yan amshinsa a rubuce, in lokaci ya cika a sake zama. Sayarwa kuwa babu. Mutumin ya yi dariya ya ce, tsoho, aron me za ka ba ni, abin da kai da bakinka ka ce ba naka ba ne? Ya ce waƙar da ba ta da uba ce, ran da aka rufe Baba iyalinsa ko ƙwayar gero ba za su gani ba.

Baba ya bar shi ya gama. Ya ce wa Inna a ba baƙo ruwa, tafiyarsa da nisa. Da motar ta tashi ya daɗe yana kallon Inna da jikokinsa biyu marayu da suke hannunta, sannan ya ce mini in sanar da mutane, Laraba mai zuwa yana son ganinsu, in zo da wayar da ke ɗaukar hoto.

Ranar Laraba aka fito da shi ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gida, aka jingina shi da buhu. Ya sa aka kawo ganga aka ajiye a gabansa, bai taɓa ta ba. Ya juya fuskarsa wajen maƙabartar gari, ya yi magana a hankali kamar mai gaida na gaba da shi: "Maigida, ka gafarce ni. Zan yi rashin kunya sau ɗaya, saboda yara." Sannan ya dubi wayar da ke hannuna ya ce:

"Ni Arzika ɗan Bawa, ni na yi Gero Ya Yi Kai, a gonar Maizama, shekarar da ya cika rumbu uku. Tankari ya koya mini kiɗa, bai koya mini wagga waƙa ba. Amshinta Ɗanjimma ya tsara, a rubuta mishi nashi. Ban sayar ba, ban bayar ba. Wanda ke so ya zo ya ara."

Daga nan ya bi sauran waƙoƙinsa yana faɗin kowace da gonar da aka yi ta, ya ware guda biyar ya ce waɗannan na Tankari ne da gaske, in wani abu ya fito a kansu a nemi jikokinsa a Kiyeshe a ba su. Da ya gama hawaye na bin gemunsa. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ga hakan. Ya ce a mai da shi ɗaki, bai ci abinci ba ranar. Na sha jin ana cewa wane jarumi ne don ya tari wani da faɗa. Ni jarumtar da na gani da idona ita ce ta tsohon da ya taka abin da ya girmama shekara hamsin, yana sane da zafinsa, don kada a cinye haƙƙin marayu.

Mun aika da hoton da takardar da Mushe Daniyel ya rubuta, an karɓa, an buɗe bincike. Allah bai nufa Baba ya ga ƙarshensa ba. Ranar sadakar uku sai ga ɗan aike daga mai sitidiyon da buhun shinkafa da gaisuwar ta'aziyya, da wata takarda wai ta shaidar an karɓi shinkafa, Inna ta dangwala. Inna ba ta yi lakwal ba, amma ta zauna da Baba shekara arba'in. Ta ce a kira Mushe ya karanta da ƙarfi a gaban masu zaman makoki. Kwantarar nan ce, an sake mata kai. Inna ta ce wa ɗan aiken ya gaida uban gidansa, ta karɓi gaisuwa, shinkafar da takardar kuwa su koma tare tunda tare suka zo.

Saboda haka ina kira ga dangi da 'yan amshi da duk wanda za a zo wa da takarda: kada kowa ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba a gaban mutane. Ga 'yan'uwana masu tura waƙa daga Dogon Dutsi har Tibiri, ni ma na ci wannan haƙƙi kafin in sani, don haka ba daga sama nake magana ba: ku rubuta sunan mai waƙa, ku fitar masa da nasa. Ga gidajen rediyo da masu biki, ba mu hana kowa jin waƙar Baba ba, ya yi ta ne don a ji. Ƙofar aro a buɗe take, tana Sukukutane, a hannun Inna Haɓsu.

Allah ya jiƙan Baba Arzika, ya gafarta masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya jiƙan maigidansa Tankari, ya haɗa su a inda babu mai jin nauyin wani. Allah ya ba Inna Haɓsu haƙuri da ƙarfin zuciya, ya raya marayun da ya bari, ya ciyar da su daga halalinsu, ya tsare su daga hannun mai cin dukiyar maraya. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Wanda kuma zai ce hoton waya ana iya haɗa shi, to ba ni kaɗai nake ƙarƙashin gawon nan ba. Ɗanjimma yana nan. Sarkin Noma Maizama ya taho daga Dumega a kan amalanke, ya ji da kunnensa. Mushe Daniyel yana nan da alƙalaminsa, limamin Sukukutane yana zaune a hannun daman Baba. Malam Yahuza ma ya rufe shagonsa ya bi ni ranar. Har gobe bai yarda da ganga ba, bai kuma taɓa sauraron waƙar har ƙarshe ba. Amma ya ce in gaya wa duk mai tambaya cewa ya ji abin da tsoho ya faɗa, kuma ranar da aka kira shaidu a Yamai, da kuɗin motarsa zai je.